Sharhi: Tuƙar noman laimar kwaɗi na jiran dillali a Zangon Lome

A farkon shekarar 2024 aka buɗe wani ƙaramin gida a kusa da Windhoek, babban birnin Namibiya, wanda aka gina bangonsa da bulon da ba siminti a cikinsa. Bulon an matsa shi ne daga tuƙar da ta rage bayan an noma laimar kwaɗi, wato abin da wasu ke kira naman ƙasa, da Faransanci kuma champignon. Hotunan gidan sun zagaya kafafen watsa labarai, kuma tun daga lokacin batun mayar da wannan shara abin amfani ya ƙara shiga bakin masu taruka kan muhalli da sana'o'in matasa a Afirka.

Ga mazaunin Agoè-Zongo ko Togblékopé, wanda damuwarsa ita ce kuɗin buhun dusa da harawar ragunansa, labarin yana iya zama kamar tatsuniyar nesa. Hausawa da yawa ma ba sa cin laimar kwaɗi, sunan da suka raɗa mata kaɗai ya isa shaida. Sai dai cin moriyar tuƙar bai dogara da cin naman ba. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai tara ta daga hannun ƙananan manoma, ya tantance ta, ya kai ta ga mai lambu ko makiyayi, ya kuma tsaya a matsayin lamuni tsakaninsu. Wannan aiki kuwa shi ne tsohuwar sana'ar Zango.

Yadda tuƙar ke samuwa

Irin laimar kwaɗin da aka fi nomawa a ƙasashenmu masu zafi shi ne wanda Faransawa ke kira pleurote. Ba a shuka shi a ƙasa. Manomi yana haɗa garin katako ko karan shinkafa ko totuwar masara da 'yar dusa da ɗan farin ƙasa, ya jiƙa, ya cusa cikin leda, ya turara a cikin duro don kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya zuba iri. Cikin makonni kaɗan wani farin zare mai kama da saƙar gizo zai mamaye haɗin, ya ɗaure shi ya zama curi guda. Daga jikin wannan curi ne laimar ke tsirowa, a yi ta tsinka har tsawon wata biyu zuwa uku. Idan ƙarfinsa ya ƙare sai a fitar da shi a kawo sabo. Curin da aka fitar shi ne tuƙar da muke magana a kai.

Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne, duk kilo 1 na laimar kwaɗi da ya je kasuwa yana barin kimanin kilo 5 na tuƙa. Ke nan gonar da ke sayar da kilo 20 a mako tana zubar da abin da ya kai kilo 100, wato fiye da tan 5 a shekara. A ƙasar Sin, wadda ke noma kaso mafi tsoka na laimar kwaɗin duniya, wannan lissafi ya kai miliyoyin tan, shi ya sa binciken yadda za a sarrafa tuƙar ya daɗe da nisa a can.

Abin da ya bambanta tuƙar da sauran shara shi ne aikin da farin zaren ya riga ya yi a cikinta. Kara da katako suna da wani sinadari mai tauri da ke sa su daɗe ba su ruɓe ba, wanda tumbin dabba ma ba ya iya narkar da shi yadda ya kamata. Pleurote na daga cikin halittun da ke iya farfasa wannan sinadari. Bayan ta gama, abin da ya rage ya fi laushi, ya fi saurin ruɓewa, kuma jikin zaren kansa ya ƙara masa sinadarin gina jiki.

Wannan noma ba baƙo ba ne a yankin. A Ghana, cibiyar binciken abinci ta hukumar CSIR da ke Accra ta fara yaɗa noman cikin leda tun farkon shekarun 1990, ta amfani da garin katakon itacen wawa. A Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, cibiyar Songhaï da Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985 ta sa laimar kwaɗi cikin tsarinta na gona, inda sharar wani sashe ke zama abincin wani sashe. A Togo kuma ƙungiyar AGIDE da ke yankin Tsévié ta yi suna wajen nomanta da koyar da shi. Tsévié tana kan babbar hanya ta 1, hanyar da ta ratsa ta gefen Zango ta nufi Cinkassé da iyakar Burkina Faso.

Bulo, kwali da fata: abin da aka gwada a waje

Kayan da suka fi ɗaukar hankali su ne waɗanda ake ƙerawa daga farin zaren. Kamfanin Ecovative, wanda wasu matasa biyu, Eben Bayer da Gavin McIntyre, suka kafa a jihar New York ta Amurka a 2007, ya fara yin mazubin kare kaya wanda ke maye gurbin farin soson roba, har kamfanin kwamfuta na Dell ya yi amfani da shi. A 2014 an gina wata hasumiya ta wucin gadi da bulon zaren kusan 10,000 a harabar gidan baje kolin MoMA PS1 da ke birnin New York, da aka rushe ta kuma aka mayar da bulon taki. A Brussels ta Beljiyam, kamfanin PermaFungi ya riƙa noma laimar kwaɗi a kan tuƙar kofi, sannan ya sarrafa abin da ya rage zuwa wasu kayan.

Aikin Namibiya, mai suna MycoHAB, shi ne ya fi kusa da yanayinmu. Haɗin gwiwa ne da ya ƙunshi bankin Standard Bank da jami'ar MIT ta Amurka da ofishin zanen gine-gine na Redhouse Studio. Namibiya tana fama da wata ƙaya da ta mamaye miliyoyin kadada na makiyaya. Sai aka riƙa sare ta ana niƙawa, a noma laimar kwaɗi a kai a sayar, tuƙar kuma a matse ta a gasa ta zama bulo.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, kayan da ake yi da zaren ba sa shiri da ruwa. Dole a yaɓe su a kare su daga danshi, alhali Lome gari ne na bakin teku mai laima, da damina biyu a shekara, unguwannin da ke kwarin kogin Zio kuma sun saba da ambaliya. Na biyu, jarin da irin waɗannan masana'antu ke ci ba kaɗan ba ne. Kamfanin Bolt Threads na Amurka, wanda ya yi fatar zaren laimar kwaɗi mai suna Mylo tare da manyan kamfanonin sutura irin su Adidas, ya dakatar da yin ta a 2023 saboda bai samu kuɗin ci gaba ba. Idan haka ta faru ga mai irin wannan gata, matashin da ke da duro biyu da rumfar kwano yana da dalilin fara neman kasuwar da ke ƙofar gidansa.

Abin da ya sa Zango ya dace

Tsohon Zangon Lome yana tsakiyar gari ne har zuwa 1977, lokacin da hukumomi suka rushe shi suka mayar da mazaunansa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 a arewacin birnin. Masanin zamantakewa Michel Agier, wanda ya yi bincike a unguwar a shekarun da suka biyo baya, ya bayyana yadda kasuwancinta ya ginu a kan maigida: mutumin da ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye ta hannun dillalansa, ya kuma tsaya wa bashi. Da wannan tsari aka riƙa juya cinikin shanu da goro tsakanin ƙasashen Sahel da bakin teku.

Wurin da a wancan lokaci ake ganin bayan gari ne, yau ya zama mashigar birnin da ƙidayar 2022 ta nuna yana da mutum fiye da miliyan 2. Daga arewa akwai kasuwar dabbobi ta Adétikopé da rukunin masana'antun da aka ƙaddamar a can a 2021. Manyan motocin da ke jigila zuwa Ouagadougou da Yamai ta nan suke bi, kuma zirga-zirgarsu ta ƙara muhimmanci ga Nijar tun da aka rufe iyakarta da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023. A kwarin Zio, wajen Kovié da Mission-Tové, ana noman shinkafa, abin da ke nufin kara da ɓuntu masu yawa bayan kowane girbi. A cikin unguwar kanta kuma gidaje da dama suna da tumaki da awaki a turke, musamman idan Layya ta gabato.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa duk abin da tuƙar ke buƙata don ta yi daraja yana kusa: kashin dabbobin da za a gauraya ta da shi, dabbobin da za su ci wani kaso nata, motoci da a-daidaita-sahu na ɗaukar kaya, da mutanen da suka iya haɗa mai sayarwa da mai saye.

Taki, abincin dabbobi da makamashi

Kasuwa mafi tabbas ita ce ta taki. Masu lambun da ke bakin teku, daga yankin tashar jiragen ruwa zuwa Baguida da Kpogan, suna noma latas da karas da albasa a kan rairayi wanda ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki. Takin zamani kuma ya yi tsada: a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, farashin buhu mai kilo 50 da gwamnatin Togo ke tallafawa ya tashi daga sefa 12,500 zuwa jaka 18. A watan Mayun 2023 Lome ta karɓi babban taron yankin kan taki da lafiyar ƙasar noma, wanda ECOWAS da Bankin Duniya suka shirya tare da gwamnatin Togo, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka jaddada shi ne takin zamani shi kaɗai ba ya farfaɗo da ƙasar da ta gaji. Tuƙar laimar kwaɗi ba za ta maye gurbin buhun NPK ba, domin sinadaran da ke cikinta ba su kai haka ba. Aikinta shi ne ta ba rairayi jiki, ya riƙe ruwa da takin da aka zuba masa.

Amma akwai ƙa'ida. Tuƙar garin katako idan aka zuba ta ɗanya a lambu, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita za su janye sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, shuka ta yi rawaya. Maganin abin shi ne a gauraya ta da kashin tumaki ko na kaji, a tara tsibi, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa na wata biyu zuwa uku har ta nuna. A nan ne Zango ke da fifiko, domin kashin dabbobin da ke zame wa wasu gidaje matsala da damina shi ne rabin haɗin. Akwai kuma wani ƙarin amfani da masana ke bibiya: zaren pleurote yana fitar da guba mai shanye jikin ƙananan tsutsotsin ƙasa, dangin waɗanda ke sa saiwar tumatir ta yi ƙulli. An tabbatar da haka a ɗakin gwaji, kuma abu ne da ya cancanci a jarraba shi a lambunan bakin teku kafin wani ya fara tallata shi a matsayin magani.

Kasuwa ta biyu, wadda ta fi jan hankalin makiyayi, ita ce abincin dabbobi. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna ana iya sa wani kaso na tuƙar karan hatsi cikin abincin tumaki da shanu. Sharaɗin shi ne ta zama ƙari kan harawa da dusa, domin laimar ta riga ta cinye wani ɓangare na ƙarfin karan, dabba kuma ba ta cika son ta zalla ba. Tuƙar da aka yi da garin katako ba ta dace da wannan ba. Wadda ta yi koren fumfuna ko baƙi, ko ta kwana a jiƙe cikin tsibi, ba a ba dabba ita ko kaɗan, saboda wasu nau'o'in fumfuna suna haifar da guba mai lahanta hanta, tana kuma iya bi ta cikin nono ta kai ga mutum. Ragon Layya jarin wata da watanni ne ga iyali, kuskure ɗaya ya isa ya kashe kasuwar baki ɗaya.

Daga nan za a fahimci cewa makomar tuƙa ana yanke ta ne tun ranar da manomi ya zaɓi abin da zai cusa cikin leda. Wanda ya noma a kan karan shinkafar Kovié yana da abin sayar wa makiyayi da mai lambu. Wanda ya noma a kan garin katakon da bai san asalinsa ba, wataƙila har da na katakon da aka shafa wa maganin gara ko fenti, ya rufe wa kansa ƙofar makiyayi, ya kuma sa mai lambu cikin shakka.

Kasuwa ta uku ita ce makamashi. Gidaje da yawa a Lome da gawayi suke girki, kuma ana iya busar da tuƙar katako, a ƙona ta ta zama gawayi, a murje a cura da kokon rogo. Manomin laimar kwaɗi shi kansa yana ƙona itace mai yawa wajen turara ledojinsa, saboda haka busasshiyar tuƙa na iya rage masa kashe kuɗi. Matsalar ita ce toka tana da yawa, zafin bai kai na gawayin itace ba, busarwa kuma aiki ne a garin da iska ke ɗauke da danshi in ban da lokacin hunturu.

Inda gizo ke saƙa

Babban cikas shi ne ƙarancin kaya a wuri guda. Gonakin laimar kwaɗi a yankin ƙanana ne, a warwatse suke. Tuƙa kuma idan ta fito daga rumfa fiye da rabin nauyinta ruwa ne, wanda ya ɗauke ta a mota zuwa nesa kuɗin dakon ruwa yake biya. Ke nan sana'ar ba za ta yi riba ba sai an shanya ta a inda ta fito, an kuma tsara ranar da mota ɗaya za ta bi gonaki da dama. Motocin da ke sauke kaya a arewacin birni su dawo wayam su ne damar da dillali mai ido zai fara dubawa.

Cikas na biyu leda ce. Kowane curi yana zuwa da rigarsa ta roba. Togo ta kafa dokar taƙaita ledojin da ba sa ruɓewa tun 2011, amma kowa ya san abin da ke toshe magudanan ruwan Lome. Makiyaya kuma sun san yadda leda ke taruwa a tumbin akuya har ta rame ta mutu. Idan ba a ware ledar an kai wa masu sake sarrafa roba ba, an magance wata shara ne an haifi wata.

Na uku amana. Gwajin yin taki daga sharar gidaje a Lome, wanda ƙungiyar ENPRO ta gudanar ƙarƙashin shirin Africompost tun wajen 2011 tare da masanan Jami'ar Lome, ya nuna cewa yin takin ya fi sayar da shi sauƙi. Sharar gidajen birnin cike take da yashi da roba da kwalba, tantancewa na cin kuɗi, mai lambu kuma ba ya sakin kuɗinsa sai ya ga sakamako. Tuƙar laimar kwaɗi ta fi wannan tsabta nesa ba kusa ba, tunda an san abin da aka haɗa ta da shi. Duk da haka mai saye zai so wanda zai kama idan kaya suka ɓaci. Maigidan Zango ya daɗe yana sayar da irin wannan tabbaci a kasuwar shanu.

Matakan da ke hannu

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yunin 2019, tattara shara daga gidaje ya ƙara komawa hannun magadan gari, Togblékopé kuma ita ce cibiyar ƙaramar hukumar Agoè-Nyivé 4. Duk tan ɗin da aka ɗauka zuwa babban jujin Aképé, wanda ya fara aiki a 2018 bayan tsohon jujin Agoè ya cika, kuɗin mai ne da kuɗin mota. Ƙaramar hukumar da ta ba da ɗan fili mai rumfa, nesa da inda ruwa ke kwanciya, don haɗa tuƙa da kashin dabbobi ta rage wa kanta ɗawainiya. Jami'ar Lome da cibiyar binciken noma ta ITRA suna da ɗakunan gwajin da za su iya auna taki da abincin dabbobi, su fitar da ma'auni mai sauƙi da Hausa da Ewe da Faransanci: kwano nawa na tuƙa ga kwano nawa na dusa, mako nawa kafin taki ya nuna, wace kala ce alamar haɗari. Ƙungiyoyin makiyaya da na mata masu kiwon turke su ne za su iya gwada shi a kan dabbobi kaɗan kafin a faɗaɗa.

Lome ta taɓa nuna cewa tana iya irin wannan. A 2013 Afate Gnikou ya harhaɗa na'urar buga abubuwa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci a cibiyar WoeLab, labarin ya kai ko'ina. Tuƙar laimar kwaɗi ba za ta samu irin wannan suna ba, ribarta ma ƙarama ce a kan kowane buhu. Amma cinikin goro da ya gina zangunan Kumasi, Accra, Lome da Cotonou shi ma a kan ƙaramar riba mai maimaituwa ya tsaya. Lissafin da aka yi a nan ya shafi masu karatu a Sabon Zongo ta Accra ko zangon Parakou, inda ake da dabbobi a turke, lambuna a gefen gari, da manoman laimar kwaɗi da ke neman inda za su zubar da curinsu. Wanda ya fara zuwa ƙofar rumfar manomi da buhu da sikeli, shi zai sa wa kayan farashi.